Rasuwar Ardo Fergus da Kiranmu ga Maazou

Ƙungiyar 'Yan Nijar Mazauna Lyon da Kewaye
La Guillotière, Laraba, 18 ga Nuwamba, 1998

Cikin alhini da mutuwar jiki, da kuma wani tsoro da ba a saba sa shi a takardar ta'aziyya ba, mai girma Shugaban Ƙungiyar 'Yan Nijar Mazauna Lyon da Kewaye, Alhaji Nouhou Gouré, tare da Majalisar Dattawa, da Reshen Mata, da Reshen Wasanni, da ɗaukacin iyaye da matasan wannan ƙungiya, suka samu labarin rasuwar babban amininmu kuma malamin 'ya'yanmu, tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa ɗan ƙasar Scotland, wadda mutanen nan ke kira Ekos, wato Malam Fergus Dalgarno, wanda kowa a cikinmu ya fi sani da Ardo. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da ta wuce a wani gidan jinya da ke Bron, yana da shekara hamsin da huɗu, bayan doguwar cutar mantuwa da ta cinye shi a gaban idonmu. Ya bar mai ɗakinsa, Madam Odile Dalgarno, da 'yarsu Sophie, da 'yan'uwa a ƙasarsa, da kuma samari masu yawa a Lyon da Paris waɗanda ba su san wani uba a filin wasa ba sai shi.

An haifi marigayin a shekarar 1944 a wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal kusa da Glasgow, inda mahaifinsa da yayyensa duka a ƙarƙashin ƙasa suke neman abinci, kuma ya sha gaya mana cewa ƙwallo ce kaɗai ta hana shi bin su cikin ramin. Yana ɗan shekara goma sha bakwai wata ƙungiya ta rukuni na biyu ta ɗauke shi, ba don gudu ba, domin shi da bakinsa yakan ce jaki da kaya ma zai tsere masa, sai don tsayinsa da ƙarfin wuyansa. Mai tsaron baya ne na tsakiya, irin wanda aikinsa shi ne duk ƙwallon da ta taso ta sama ya tare ta da goshi kafin kowa. Ƙwallon wancan zamani kuwa ta fata ce mai ɗinki, kuma a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, in ta jiƙe sai ta yi nauyi kamar tulu cike. Yadda ake horar da su shi ne a rataye ƙwallo da igiya a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, yaro ya yi ta tsalle yana dukanta da kai tun safe har mai horarwa ya gaji da kallo. Ya ce akwai ranakun da yake komawa gida ba ya iya tauna abinci saboda ciwon kai, mahaifiyarsa ta jiƙa masa burodi a shayi.

Ya yi shekara goma sha biyu yana wasa a Scotland, a ƙungiyoyi uku, ya taimaki ɗaya daga cikinsu ta hau rukuni na ɗaya, kuma da kansa ya ci ƙwallon da ta kai wata daga cikinsu zuwa wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofi, abin da dattawan garinsu ke labari har yau. Bai taɓa sa rigar ƙasarsa ba. Sau ɗaya aka kira shi sansani aka sallame shi, kuma bai taɓa ɓoye mana cewa abin ya tsaya masa a rai ba. An karya masa hanci ya fi a ƙirga, girarsa duk tabon ɗinki ce, kuma in ya suma a fili, soso da ruwan sanyi ake shafa masa a ƙeya, a tashe shi a tura shi ya koma. Akwai wasan da aka yi ta yi masa barka bayan an tashi, wai bai taɓa yin bajinta irin ta ranar ba, alhali shi bai tuna ko minti ɗaya na rabin wasan na biyu ba. Wannan labari yana cikin waɗanda ya fi son bayarwa, yana bayarwa yana dariya, mu ma muna taya shi.

A shekarar 1973 ya ƙetaro Faransa, ya shiga wata ƙungiya ta rukuni na biyu a nan yankin Lyon, inda aka ba shi kapitan tun bai iya Faransancin da zai yi gardama da alƙalin wasa ba. A nan ya haɗu da Madam Odile suka yi aure, a nan ya rataye takalminsa a 1979, ya kama aikin tuƙin injin ɗaukar kaya a wani sito kamar kowane talaka. Haɗuwarmu da shi kuwa a 1984 ce, wata Lahadi da ɗalibanmu da ma'aikatanmu ke wasa a wani fili a Bron. Wani dogon Bature ya tsaya da karensa yana kallo, yana girgiza kai, har abin ya ishe shi ya ɗaure karen ya shigo fili ba sallama, yana faɗa cewa wane irin mai tsaron baya ne zai rufe ido in ƙwallo ta nufo shi. Daga ranar ya zama mai horar da ƙungiyarmu har fiye da shekara goma, ba a taɓa biyansa ba kuma bai taɓa tambaya ba. Shi ke mayar da atisaye bayan shan ruwa in azumi ya zo, tun kafin mu roƙa. Shi ke sa kwat ya raka uwa lakwal, wato makarantar boko, in an kira ta kan ɗanta, ya tsaya mata da Faransancinsa mai kaushi har a saurare ta. Sannan ya rataye ƙwallo da igiya a reshen wata bishiya a gefen filin, ya koya wa 'ya'yanmu abin da aka koya masa, har ya zama duk yankin an san yaran Nijar na Bron ba a cin su ta sama.

Sunan Ardo kuwa mai girma Shugaba ne ya raɗa masa. Wata rana marigayin ya nuna masa hoton ƙasarsu, tsaunuka da tumaki da shanu masu dogayen ƙaho, sai Alhaji Nouhou, wanda Babarbare ne na asali, ya tafa hannu ya ce ashe duk wahalar nan Bafillace ne aka shafa wa alli, saboda haka daga yau bawansa ne. Aka zaunar da marigayin aka yi masa bayanin wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, cewa abokin wasa zai faɗa maka abin da ya ga dama, ya ɗauki kayanka a gabanka, ba fushi ba ƙara, kuma ba a ɗaukar maganarsa da gaske. Wallahi ba mu taɓa ganin baƙon da al'ada ta shiga jininsa kamar wannan ba. Ya riƙa fizge hular Shugaba a tsakiyar taro sai an fanshe ta da goro, ya riƙa kiransa yarona a gaban manyan baƙi daga Paris, ya riƙa musanya wa mutane suna da gangan yana kiran tsoho da sunan jikansa. Da wannan wasa ya zama ɗan gida, babu suna ko ɗaurin aure a Guillotière da za a yi ba a aika masa ba.

Kuma da wannan wasa ne cutarsa ta ɓuya mana. Tun wajen 1994 ya fara kiran Shugaba da sunan wani yayansa da ya mutu a ramin kwal, muka ce Ardo ya samo sabon salo. Ya zo fili ranar Talata ya zauna yana jiran yara, muka ce Bafillace da ma bai san kwanan wata ba sai na kasuwa. A wajen wani suna ya zura takalmin Liman ya tafi da shi gida, aka yi mako ana ba da labarin. Wata rana kuma a tsakiyar walima ya miƙe tsaye, fuskarsa a ɗaure, ya tambayi su wane ne waɗannan mutane, kuma me suke yi a gidansa. Ɗakin ya kece da dariya, mata har da guɗa, aka ce yau kam Ardo ya gama da Barebari. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, ita ce Madam Odile. Ta ja Shugaba gefe ta ce mijinta ba wasa yake yi ba, ba shi da lafiya. Mu kuwa, da kyakkyawar niyya, muka ɗauka baiwar Allah ba ta fahimci al'adar ba ne, har muka tura mata dattawan mata gida su ƙara yi mata bayanin yadda wasan Fulani da Barebari yake. Ta saurare su har suka gama, ta ba su kofi, ta raka su bakin ƙofa. Kusan shekara biyu ta yi tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai, sai ranar da aka tsince shi a tashar Perrache da tsohon takalmin wasansa a rataye a wuya, yana tambayar mutane motar da za ta kai 'yan wasa Glasgow.

Abin da ya biyo baya ba mu yi wa maƙiyi fatansa. Mutumin da ke cika ƙofa in ya tsaya ya koma sai an ba shi abinci a baki. A watan Yuni na bana, ranar da ƙasarsa ta kara da Brazil a Saint-Denis, muka kai masa talabijin ɗakinsa muna zaton zai ji daɗi, sai ya tambaye mu su wane ne masu shuɗiyar riga. Amma duk lokacin da ƙwallo ta taso ta sama a cikin akwatin, sai mu ga ya janye wuya ya tunkuɗa goshi gaba daga kan kujerarsa, idonsa a buɗe tar, yadda ya koya wa yaranmu. Babu wanda ya iya kallon wasan har ƙarshe. A watanninsa na ƙarshe Madam Odile ma gaishe ta yake yi da ladabi kamar baƙuwa, yana yi mata godiya da ta zo duba shi.

Lokotoron da ya duba shi ya gaya wa Madam Odile, ita kuma ta gaya mana, cewa ba zai iya rantsuwa ba, domin ilimin abin bai kammala ba, amma irin wannan lalacewar ƙwaƙwalwa a mutum mai waɗannan shekaru ya fi ganinta ga tsofaffin 'yan dambe, kuma yana zargin dukan da kan ya sha shekara da shekaru. Da muka ji haka jikin kowa ya yi sanyi, domin babu wanda a garinsu bai san wani tsohon ɗan dambe da ke zaune a gindin bango yana rawar hannu yana magana shi kaɗai ba, mu kuwa da can iskoki muke cewa. Muna so kowa ya sani ba mu ɗora wa marigayin laifi ko na ƙwayar zarra ba. Abin da aka ba shi ya bayar, kuma shi ne ya fi kowa biyan farashinsa. Amma za mu faɗi gaskiya ko da ba a saba jin ta a irin wannan takarda ba: tsoro muke ji. Babu gida a cikinmu da ba shi da ɗan da ya yi tsalle a ƙarƙashin waccan bishiya. Yau in saurayi ya manta inda ya ajiye makulli, sai uwarsa ta bi shi da ido har ya fita. Majalisar Dattawa ta sa an yanke igiyar nan jiya Talata, kuma ta dakatar da duk wani horon duka da kai a ƙungiyarmu har sai mun ji daga masana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba a jira sai an tabbatar da inda wutar ta taso kafin ka shafa wa naka ruwa.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi kowace nauyi a bakinmu, kuma ba mu sa ta a nan ba sai da izinin mahaifiyar wanda abin ya shafa, Hajiya Kadidiatou, wadda ta zo ofishin ƙungiya da ƙafarta ta ce a faɗa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan sashe da Hausa kawai za a karanta shi, a masallacinmu na Guillotière da wajen 'yan'uwanmu na Saint-Denis bayan sallar Juma'a, kuma muna roƙon kada kowa ya juya shi zuwa Faransanci, domin sirrin gida ne. Ɗanta Maazou, mai shekara ashirin da uku, shi ne ɗalibin da marigayin ya fi alfahari da shi, kuma shi kaɗai ne a cikin yaranmu ya mayar da ƙwallo sana'a, yana tsaron baya a wata ƙungiya ta rukuni na uku a gefen Paris. A farkon watan nan suka yi gware da wani ɗan wasa a sama, ya faɗi, ya tashi, ya ƙarasa wasan. Malam Idrissa, wanda suke ɗaki ɗaya da shi a Saint-Denis, ya shaida wa dattawa cewa a ranar Maazou ya yi ta tambayarsa nawa aka tashi, ana gaya masa yana sake tambaya. Bayan kwana kaɗan ya shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 13, hanyar da yake bi kullum, ya kai ƙarshen layi ya dawo bai gane tashar da zai sauka ba. Har yanzu haske yana damun idonsa, kuma yakan yi amai da safe. Bai gaya wa ƙungiyarsa ba, ita kuma ba ta san komai ba, domin ranar Asabar mai zuwa wakilan wata babbar ƙungiya za su zo kallonsa, damar da yake jira tun yana yaro.

Mahaifiyarsa ta yi masa magana ta waya tana kuka, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, gajiya ce kawai. Mai girma Shugaba ya kira shi, ya gaishe shi da ladabi kamar yadda ya saba, sannan ya ce Ardo bai taɓa barin fili don ciwon kai ba, shi ma ba zai fara ba. Maazou, ɗanmu, gaskiya ka faɗa, bai taɓa bari ba. Mu ne muka ga inda hakan ya kai shi, kai kana Paris lokacin da ake ɗaura masa ƙyalle a wuya kamar jariri. Ba mu ce ka bar sana'arka ba, ba mu kuma ce abin da ya same shi ya same ka ba, Allah ya kiyaye. Cewa muka yi kada ka sa kan nan a gaban ƙwallo ranar Asabar, ka zo gida lokotoro ya duba ka tukuna. Wakilai suna tafiya su dawo, in ba su dawo ba wasu za su zo. Muna kira ga manyanmu da ke aiki a ofisoshin jakadanci da hukumomin duniya a Paris, da 'yan'uwanmu na Cadi da Kamaru da ke cin kasuwa a unguwar su Maazou, duk wanda yaron nan ke jin kunyarsa, ya taka ya same shi kafin Asabar. Kuma don girman Allah, duk wanda ya ga ya ruɗe ko ya kira wani da sunan da ba nasa ba, kada ya yi dariya.

A madadin mai girma Shugaba, da Majalisar Dattawa, da dukan rassan wannan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Madam Odile Dalgarno, macen da ta nuna mana haƙurin da ba mu taɓa ganin irinsa ba, da 'yarta Sophie, da 'yan'uwan marigayin da ke Scotland, da tsofaffin abokan wasansa a ƙasashen biyu. Marigayin ya koma ga Mahaliccinsa, wanda ya fi mu sanin bayinsa. Mu dai shaidar da za mu iya bayarwa ita ce maƙwabcin kirki ne, mai riƙon amana, wanda bai taɓa duban launin yaro ko addininsa ba. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, ya sanyaya zuciyar Madam Odile bayan shekarun wahalar da ta sha, ya raya Sophie ya yi mata albarka, ya kuma tsare 'ya'yanmu, ya bar mu da hankalinmu har ranar da zai karɓi abinsa.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Asabar, 21 ga Nuwamba, da rana, a maƙabartar Bron, kuma Liman ya ce raka maƙwabci zuwa makwancinsa haƙƙi ne, kowa ya fito. Dangi sun so a yi ranar Juma'a, amma Madam Odile, wadda Hajiya Kadidiatou ta gaya wa komai, ta ce a'a, sai Asabar, daidai lokacin da za a take wasa a Paris. Ta ce babu ƙungiyar da za ta hana ɗan wasa zuwa binne malaminsa, kuma babu wakilin da zai ga laifinsa, saboda haka yaron zai iya fita daga wasan nan ba tare da ya gaya wa kowa komai ba. Ta kuma ce yaran da mijinta ya horar su ne za su ɗauki akwatinsa. Mutum shida ake bukata, biyar sun amsa, an kuma samu masu neman cike gurbin na shida, amma ta hana. Ta ce in Maazou bai zo ba, su biyar ɗin su ɗauka a haka, a karkace.

Sa hannu:
Malam Abdurrahman Mahamane Tessaoua
Kakakin Ƙungiyar 'Yan Nijar Mazauna Lyon da Kewaye
A madadin mai girma Shugaba da Majalisar Dattawa